Lissafin Lujain

Irbid, farkon watan Satumba

Zuwa ga mijina Abu Haisam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kuma zafin Kuwait ya fara sassauta muku. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan? Kana shafa man da na sa maka a jaka, ko yana nan a rufe kamar na bara? Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarka Hajja tana gaishe ka, ta ce ka daina cin abincin kanti. Haisam ya koma jami'a, Lujain kuma ta shiga aji goma.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga matar da ke wuni a gaban kwamfuta. Dalilin shi ne a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Rannan da na fara ba ka labarin makarantar Lujain, ban kai rabi ba ka ce, "Rudaina, ki bar yarinyar nan ta huta." Ni kuma na ɗaga murya, muka ajiye waya kowa ransa a ɓace. To, takarda ba a katse ta. Ka zauna ka karanta.

Ka san a ƙarshen wannan shekarar ake raba 'yan ajinsu, wasu sashen kimiyya, wasu na adabi. Da aka tambayi kowa zaɓinsa, 'yarka ta ce kimiyya. Shi ne shugabar makaranta, Sit Najah, ta aiko in je. Na tarar da ita tare da malamar lissafi, Ustaza Intisar, wata doguwar mace da ban ga haƙorinta ba har na fito. Ita ta yi maganar, kuma ba ta yi kwana-kwana ba.

Ta ce, "Ummu Haisam, ba ƙiyayya ba ce. Yanzu ana karanta mata tambaya, ta faɗi amsa, wata ta rubuta mata. Nan gaba tambaya ɗaya sai ta ci shafi biyu. Wa zai riƙe shafi biyu a ka? Ni kuma ban iya karanta ɗigo-ɗigon makafi ba, ba kuwa da tsufana zan koya ba."

Na ce, "Idan tambayoyin suka zo mata da rubutun makafi, ta yi aikin da hannunta, ke kuma amsar ta fito miki da rubutun da kika saba fa?"

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wa zai yi wannan?"

Na ce, "Ni."

Abu Haisam, wallahi ban san lokacin da kalmar ta fita ba. Sit Najah ta yanke cewa idan Lujain ta zauna jarrabawar lissafi ta ƙarshen zangon nan tare da 'yan ajinsu, ba mai karanta mata, ba mai rubuta mata, ta kuma samu maki sittin, za a sa sunanta a kimiyya. In ba haka ba, magana ta mutu.

Bari in faɗa maka abin da zan yi, tunda har yau in an tambaye ka aikin matarka sai ka ce gyaran kwamfuta. Ba gyara nake yi ba. A kamfaninmu akwai babbar manhaja ta ajiyar kayan kantuna. Duk mai kantin da yake son ta yi masa wani abu da ba ta iya ba, ni nake rubuta 'yar ƙaramar manhaja in jona mata, sai ta iya. Ita ake kira fulogin. Shekara goma sha biyar ina yi wa masu kantin magani da masu sayar da taya wannan aikin, suna godiya. Manhajar rubutu da malamai ke buga tambayoyi da ita, ita ma tana karɓar fulogin. Zan rubuta wanda zai mai da lissafin malama ɗigo, ya kuma mai da ɗigon Lujain lissafin da malama za ta karanta. Na bincika ko wani ya riga ya yi, na samu na turawa, amma lissafinsu daga hagu yake tafiya da haruffansu, namu kuwa daga dama da haruffanmu. Babu wanda ya dace da littafin 'yarmu.

Na san abin da ke ranka. Tun zazzaɓin da ya tafi da idonta tana 'yar shekara takwas, kai ba ka son ko iska ta taɓa ta. Kana ganin adabi ya fi sauƙi, ta gama ta samu koyarwa, ta zauna lafiya. Ni ma tsoron nake ji. Amma da ka ga fuskarta da na dawo na ba ta labari. Ba ta yi murna ba, ba ta yi tsalle ba. Cewa ta yi, "Mama, kin tabbata kin iya? Kada ki sa in ji kunya." Ka ji 'yarka.

Ban nemi ka yarda yau ba. Ka dai daina ce mata a waya adabi ma karatu ne. Ta sani.

Ka gaida Abu Samir da sauran abokan ɗaki. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Rudaina

Irbid, ƙarshen watan Oktoba

Zuwa ga Abu Haisam,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kana lafiya. Saƙonka na layi biyu ya iso, na kuma karanta "Allah ya taimaka" ɗin da ka rubuta. Ban san ko addu'a ce ko gatse ba, amma na ce amin. An fara tsinkar zaitun a gonar ƙaninka, Hajja ta tafi can ta tsaya musu a kai. Na ware maka gwangwanin mai na matsar farko.

Albishirinka: fulogin ya yi aiki. Da yaren Faiton na rubuta shi, yaren da hannuna ya fi sabawa da shi, wanda nake ji kamar ina hira da ƙawata. Ranar Juma'a bayan sallah na buga tambaya daga littafinsu, na danna, sai ɗigon suka taso a kan 'yar na'urar Lujain, wadda take shafawa da yatsa. Na tsaya a kanta ina jiran yabo. Ta shafa, ta sake shafawa, sai ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ciki.

Ta ce, "Mama, yaushe kusurwoyin alwatika suka koma tamanin da ɗaya? An yi musu rangwame ne?"

Ka gane abin da ya faru? Rubutun makafi daga hagu ake shafa shi ko da Larabci ne, shi ya sa na umarci fulogin ya juya kowane layi. Shi kuwa ya juya har da lambobi. Ɗari da tamanin ya koma sifiri, takwas, ɗaya. Haisam yana gida ranar, ya ce, "Injiniya guda! A rufe ƙofa kada maƙwabta su ji." Na jefe shi da matashi. Kafin la'asar na gyara, kuma tun daga ranar Lujain ta zama mai duba aikina. Ba ta da sassauci ko kaɗan. Ita ta gano alamar ragi tana ɓacewa in ta zo a farkon layi, ita ta ce yadda nake rubuta lambar sama da ta ƙasa yana ruɗa yatsa, ta kuma faɗa mini yadda ya kamata. A wurin aiki ban taɓa samun mai gwaji kamarta ba.

Da komai ya daidaita na zuba shi a filash, na saka abayata mai kyau, na tafi makaranta ina tafiya kamar wadda za a ba lambar yabo. Akwai wani mai kula da ɗakin kwamfutocinsu, Ustaz Zuhair, mutumin kirki amma matsoraci. Ya jona, muka jira, ba abin da ya motsa. Ashe manhajar da ke kwamfutocinsu tsohuwa ce, tun ta zamanin da muka yi aure. Ba ta san wani Faiton ba. Yare ɗaya take karɓar fulogin da shi, wato Besik.

Na ce, "Ustaz, sai mu sabunta ta mana."

Ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Ni? Ya Ummu Haisam, ina da 'ya'ya. An hana mu saka ko ɗigo a injinan nan, an hana jona su da intanet saboda jarrabawa. Ki kawo abin da za ta karɓa a yadda take, in rufe ido."

Ustaza Intisar tana tsaye a bakin ƙofa da littattafai a hannu. Ta juya ta tafi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abu Haisam, Besik! Yaren da muka yi a shekarar farko ta jami'a, wanda na rantse na rabu da shi har abada. A ofis in ana so a tsokani mutum sai a ce a ba shi aikin Besik. Na zauna a mota na yi kuka na haushi, sannan na share ido na biya ta gidanmu, na sa ƙanwata ta sauko mini da kwalin littattafaina na jami'a daga saman kabad. Littafin yana nan, da rubutun hannuna a gefen shafi, da wani busasshen fure da ban tuna wanda ya ba ni ba. Kada ka tambaya.

Yanzu haka na kai rabi. Abin da na faɗa da layi ɗaya a Faiton, a nan sai na yi goma, kamar mai yi wa kurma bayani. Amma ka san wani abu? Yana tafiya. Jiya na gwada babi na uku gaba ɗaya a tsohuwar kwamfutar Haisam, Lujain ta shafa daga farko har ƙarshe, ta ce, "Ba laifi." A bakinta wannan kalmar ta fi kunafa zaƙi.

Ina ji da kaina a kwanakin nan, ba zan ɓoye maka ba. Na yi shekaru ina ƙirga wa mutane kwalayen magani, ban taɓa sanin hannuna zai yi wa gidana amfani irin wannan ba.

Lujain tana gaishe ka, ta ce turaren da ka aiko na tsofaffi ne amma ta gode.

Taka,
Rudaina

Irbid, tsakiyar watan Disamba

Zuwa ga mijina, abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa ta musamman, ina tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka. Nan sanyi ya sauka sosai, ruwa ba ya ɗaukewa, mun kunna murhun kananzir a falo, Hajja ta kafa kujerarta a gabansa ba mai ɗaga ta.

Ka ga yadda na buɗe wasiƙar nan, ka kuma san dalili. Kunshinka ya iso hannun direban nan ɗan garin Ramsa. Na buɗe ina zaton dabino ne, sai ga wayar jona inji, irin mai faffaɗan kai da aka daina yi, a naɗe cikin tsohuwar rigarka. Ba takarda, ba ko gaisuwa. Haisam ya tona maka asiri, ya ce Juma'a uku kana yawo a kasuwar tsofaffin kaya kana nuna hotonta a wayarka. Kai da ka ce in bar yarinya ta huta! Na zauna da wayar nan a cinya ina ta jujjuya ta.

Bari in ba ka labarin inda ta shiga. Tunda an hana Lujain shiga jarrabawa da tambayoyin a na'urarta, sai an buga mata a takarda mai kauri. Ƙungiyar makafi ta ara mana wani tsohon injin buga ɗigo, mai nauyin buhun siminti, wanda in yana aiki sai ka ce ana harbi a unguwa. Wayar da ka aiko ta shige shi daidai. Amma shi ba ya jin Faiton, ba ya jin Besik. Sai an rubuta masa wani ɗan guntu da yaren Si, wanda zai tsaya tsakaninsa da fulogin yana miƙa masa ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa Si ɗina bai wuce na gaisuwa ba.

Dole na sauke kai na je wurin Abu Ziyad na ofishinmu, dattijon nan da na sha ba ka labari, wanda yake ganin duk wanda ba ya rubuta Si wasan yara yake yi. Ya saurare ni yana kurɓar gahawa, ya ce, "Af, yau 'yan Faiton sun tuna da manya? Ba ku ce mun tsufa ba?" Na ce, "Ammu, baffana, ka yi mini gorin daga baya, yanzu ka koya mini." Ya ƙi rubuta mini ko layi ɗaya. Ya ce in ya rubuta, ranar da ya lalace zan tsaya ina kallo. Kullum lokacin hutun rana yakan jawo kujera ya zauna a bayana yana cin sanwicin falafil yana cewa, "A'a. Sake. Wa ya koya miki wannan ƙazantar?" Ranar da injin ya buga shafin farko ba kuskure, ya ɗauki takardar ya shafa da babban yatsansa, sannan ya ce wai hayaƙin titi ne ya shiga masa ido. Tagogin a rufe suke.

Yanzu ga abin da ban faɗa maka a waya ba. Mun yi faɗa da Lujain, faɗa na gaske. Laifin zumuɗina ne. Kullum ta dawo makaranta, kafin ta cire takalmi na tare ta da sabon gwaji. Ranar nan ta ce ta gaji, na ce saura shafi biyu kawai. Sai ta ture na'urar ta ce, "Mama, ni 'yarki ce ko aikin ofis? Kowa a unguwa ya san Rudaina ta rubuta abu da yare uku. In na faɗi fa? Fulogin ɗinki ne zai ji kunya ko ni?" Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a ciki. Na sha ba maƙwabta labari fiye da kima. Na rufe kwamfutar na sa a kabad, na daina ko ambaton lissafi. Na dafa mata maƙluba, muka je gidan innarta, muka saurari wasan kwaikwayo a rediyo tare da Hajja. A raina na riga na ce in ta zaɓi adabi, zan raka ta da hannuna in ba Sit Najah haƙuri.

Ana nan, wata safiya ina wanke kofuna, ta zo ta jingina da ƙofar kicin ta ce, "Injiniya, an kore ki daga aiki ne? Alamar tushen lamba tana fitowa a karkace, ni kuma jarrabawa ta matso." Na ce, "Na zaci kin fasa." Ta ce, "Ni na ce miki na fasa? Cewa na yi na gaji. Kimiyyar tawa ce, tun kafin ki ce 'ni' a ofishin nan nake son ta. Ke dai ki riƙa tambayata kafin ki jibgo mini shafi." Na ce na ji. Yanzu ita ke sa lokacin gwaji, ni ke jira.

Saura abu ɗaya da ke hana ni sukuni. Tambayoyin jarrabawa sirri ne, bai halatta in gan su ba, ba kuma za a bar ni in shiga makarantar ranar ba. Ke nan Ustaza Intisar ce za ta danna maɓallin da hannunta. Na je na nuna mata, na mai da komai maɓalli biyu kacal, ɗaya na buga tambaya, ɗaya na fitar da amsa. Ta gwada sau ɗaya, injin ya fara ƙararsa, ta ja da baya ta ce, "A'uzu billahi." Sannan ta ce, "In ya tsaya ranar, ba ruwana." Ka taya mu addu'a.

Ka sa rigar sanyi in za ka fita da asuba. Kowa yana gaishe ka.

Matarka mai godiya,
Rudaina

Irbid, watan Janairu

Zuwa ga Abu Haisam, baban Lujain,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata wasiƙar nan ta same ka lafiya, cikin farin ciki kamar yadda ta bar mu. Na san ka riga ka ji sakamakon a waya, amma ihun Haisam da guɗar Hajja ba su bar ka ka ji yadda aka yi ba. Ga shi dalla-dalla, ka ajiye.

Ranar jarrabawar na kai ta bakin ƙofa, ta ƙi in riƙe mata hannu, ta shiga da sandarta tare da ƙawarta. Ni kuma na kasa tafiya ofis. Na tsallaka titi na zauna a shagon mai sayar da burodin ka'ak, ruwa yana zuba, na sayi shayi na bar shi ya huce. Can sai na jiyo ƙarar injin nan daga bene na biyu, tar-tar-tar, ta cikin ruwan sama. Mai shagon ya ce, "Lafiya? Gini suke yi a makarantar?" Na ce, "A'a, ɗan'uwa, tambayoyin 'yata ake bugawa." Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ni kuwa ina ta murmushi.

Daga baya Ustaz Zuhair ya faɗa mini cewa takarda ta maƙale a shafi na biyu. Ya ɗauko waya zai kira ni, Ustaza Intisar ta ce, "Ajiye wayar nan, ka san doka." Ta naɗe hannun riga, ta buɗe murfin, ta zaro takardar da kanta, ta sake dannawa. Fulogin ya ci gaba daga inda ya tsaya, kamar yadda Abu Ziyad ya tilasta mini in tsara shi ina ƙunƙuni. Lujain ta yi aikinta da ɗigo a kwamfutar makaranta, aka danna maɓalli na biyu, firinta ta fitar da amsoshinta da Larabci, aka haɗa da na sauran yara.

Da ta fito na ce yaya, ta ce, "Na yi abin da na yi. Ina jin yunwa."

Sai ranar Lahadin nan aka aiko in je, in zo da ita. Muka shiga ofis. Ustaza Intisar ta ajiye takardar a tebur da ƙarfi, duk ta sha jan biro. Ba ta ko gaishe mu ba ta fara faɗa.

"Saba'in da huɗu. Saba'in da huɗu, Lujain! Tambaya ta shida da ta kayar da rabin aji kin warware ta tsaf, ta hanyar da ban ma koya muku ba. Sannan ki zo tambaya ta biyu, ta yara, ki manta alamar ragi? Ta huɗu kuma kin tsallake mataki biyu don kina ji da kanki. Wannan sakaci ne, ba wani abu ba. In kika kawo mini irin wannan a ajin kimiyya baɗi, waje za ki tsaya."

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai maganar ta sauka a kaina. Ajin kimiyya, baɗi. Sit Najah tana ta dariya a bayan hannunta. Ustaza Intisar ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma, injin nan naki yana firgita mini yara. Ki nemo masa bargo. Kuma malamar kimiyyar sinadarai tana son ganinki, wai nata alamomin ma sai an yi musu." Ta kwashi littattafanta ta fita.

A mota Lujain ta karɓi takardar ta ɗora a cinya tana bin ta da yatsa. Na ce me take nema, ai ba ɗigo a jiki. Ta ce, "Yi shiru, Mama, na samu." Ashe wurin da malamar ta ja wa tambaya ta biyu layi take taɓawa. Tsabar haushi ta danna biron har ya kusa huda takardar, ya bar kwari. Ta bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ta sake bi.

Ta ce, "Kin san tun da na makance ba malamin da ya taɓa yi mini faɗa? Ko shirme na faɗa sai a ce madalla, Allah ya yi albarka. Wannan matar da gaske ta ji haushina." Tana faɗa tana dariya, hawaye yana zuba. Na kasa tuƙi, na gangara gefen titi muka yi tare.

Na so in sa maka takardar a cikin wasiƙar nan, ta hana. Ta ce in kana son gani ka zo da kanka, za ta nuna maka wurin da yatsanka. Saboda haka ka nemi hutun nan da kake ta ɗagawa. Hajja ta ce ranar da ka sauka mansaf za a yi, shinkafa da naman rago, a kira Abu Ziyad da Ustaz Zuhair. Na aika wa Ustaza Intisar ma gayyata. Ta aiko cewa za ta duba, kuma ba ta cin abinci mai gishiri da yawa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya raya mana su.

Matarka,
Rudaina, Ummu Haisam